Zaƙin da Ke Cikin Gero

Jiya na sayi kunun zaƙi a kasuwar Sabon Gari, kurɓa ɗaya na ji an cika masa sukari. Nan take marigayiya surukata ta faɗo mini a rai.

Ina amarya a gidanta na Fagge aka ba ni damun kunun baƙin suna. Na sheƙa tafasasshen ruwa a gasara, ta yi kauri kamar tuwo, ga ta salam. Hankalina ya tashi, na ɗauko sukari, sai ta riƙe hannuna.

"Ajiye, 'yar nan. Zaƙin yana cikin geron, ba a tashe shi ba ne."

Ta bari ya ɗan huce, ta zuba niƙaƙƙen tsiron shinkafa, ta rufe.

"Inna, in bai yi ba fa?"

"Bar shi ya kwana."

Da safe na buɗe, kunun ya tsinke, ƙamshi ya bugi hancina. Na ɗanɗana, zaƙi har kunne, alhali ko ƙwayar sukari bai gani ba. Na tsaya riƙe da ludayi ina ta salati.

Allahn da ya ɓoye zaƙi a cikin gero, ya shayar da Inna wanda ya fi shi a Aljanna.