Kwalbar Genzo Ba Ta da Suna

Shekara hamsin Kikuno tana sa wa inabi hula. Kada ka yi dariya, a nan Katsunuma aiki ne: kowane curi sai an kifa masa 'yar hular takarda don kada ruwan sama ya ruɓar da shi. Hannu a sama, wuya a sage, tun tana amarya har kanta ya yi fari fat. Amma ko ɗigon giyar inabi bai taɓa shiga bakinta ba, wai ita warin ma ya ishe ta.

Mijinta Genzo, uban 'yarsu Noriko, shi ne mai sha. A zamaninsu manoman unguwa kan tara inabin da kasuwa ta raina, su kai matatsar da suka gina da hannunsu, su dawo da manyan kwalabe babu takarda babu suna. Da tsofaffi suka ƙare aka rufe matatsar, sai Genzo ya koma saye a wani ɗan kanti, yana juyewa a tsohuwar kwalbarsa, wai giya ba ta daɗi a baƙuwar kwalba. Kullum ya dawo daga gona sai ya tsiyaya a kofin shayinsa mai tsaga a baki, ya ce, "Kikuno, zo ki ɗanɗana guminki."

"A kai kasuwa," in ji ta. Ta jira ya gama, ta wanke kofin tana mita. Kai, mutanen nan biyu sun yi zaman daɗi!

Bara da kaka Genzo ya rasu. Ana gobe cikar shekara, ranar da ake ajiye wa mamaci abin da ya fi so a gaban hotonsa, Kikuno ta ɗaga kwalbar ta ji ta wayam. Ɗan kantin nan kuma tuni aka rushe shi. Ta ajiye masa abin da ba nasa ba, bayan zaman shekara hamsin?

Ta nufi shagon giya na Shigeo, abokin wasan marigayin, wanda Genzo bai taɓa saye wurinsa ba don ya ce ya cika tsada.

"Yau kuma wa nake gani? Yaya, ɓatan kai kika yi?"

"Rufe mini baki. Irin ta mutumin naka nake nema."

"Wannan marowacin ai bai taɓa gaya mini ba. Mai zaƙi ce ko mai tsami? Ta wace matatsa?"

"Fara ce dai," ta ce a hankali. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma kunya ta kama ta har idonta ya kawo ruwa.

Shigeo ya sauko da wata kwalba 'yar Faransa mai takarda ruwan zinariya. "Ki karrama shi da wannan."

"Mutumin da sai an yi yaƙi yake sa sabon wando? Ai sai ya ce na haukace."

Ya jera mata kofunan gilashi masu dogon wuya. Ba ta sha ba, sansanawa kawai take yi, duk ta ji su ɗaya. Can sai ta buɗe jaka ta fito da kofin nan mai tsaga.

"Zuba a nan."

Ya zuba, ta sansana, ta girgiza kai, a ɗauraye, a zuba wata. Ta biyar, daga wata ƙatuwar kwalba ce mai araha da ke can ƙasa, wadda mata ke saye don dafa nama. Kikuno ta tsaya cak. Warin da ta yi shekaru tana wankewa tana mita ne, ba ko tantama. Shigeo ya naɗe mata kwalbar ta tafi da ita gida.

Washegari da hantsi ta durƙusa gaban hoton, ta cika kofin ta ajiye. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ɗauka ta kurɓa, fuskarta ta yamutse.

"Haba, Baban Noriko! Wannan tsamin kake ta kirana a kai?"

Ta share hawaye, ta sake kurɓa. Ta sha rabi ta bar masa rabi. Ranar ba ta wanke kofin ba.