Shekara Biyar Ina Duba Littafi, Ban Duba Ɗiyata Ba

A lokacin muna haya a unguwar Kambarawa, ina da yara uku, maigida kullum yana kan hanya da mota. Ni a aji uku na tsaya, don haka da babbar ɗiyata ta shiga firamaren gwamnati ba abin da nake dubawa sai littafinta. In na ga shafi cike, ga jan biro, sai hankalina ya kwanta. Rubutunta kuwa kamar zanen lalle.

Amma Allah ya sani na lura da wasu abubuwa. In tana yi mani karatu idonta na kan rufin ɗaki, kuma da waƙa take yi, irin yadda suke amsa wa malami baki ɗaya. Ran nan har littafin a juye yake, ba ta sani ba. Na gani, na kau da kai. Tsoro nake in je makaranta a tambaye ni abin da ban iya ba, a yi mani dariya.

Tana aji biyar aka ba ni takarda a asibiti, ta ranar da zan mayar da ƙaninta. Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, sai hawaye. Ta ce ba a yi masu wannan a allo ba. Wallahi marinta na yi, kuma har gobe marin nan yana damuna.

Washegari na daure na je makarantar. Aji cike maƙil, wasu a ƙasa, wasu kan taga. Malamin bai yi mani dariya ba. Ya ce shi kaɗai ke riƙe da aji biyu, in ya cika allo nan sai ya tsallaka can, yara su yi ta kwafa. Ya ce ba a maimaita wa kowa aji, kuma da tun tana aji biyu na zo, da ya dawo da ita gaba kusa da shi.

Yanzu an tura ta sakandare a haka. Kullum da safe sai ta ce cikinta ke ciwo, na kuma san ba ciki ba ne.

Iyaye mata 'yan'uwana, cikar littafi ba karatu ba ce. Ku ba yaro takardar da bai taɓa gani ba. In ya kasa, ku yafa mayafi ku je, ko ba ku san harafi ɗaya ba. Kunyar da na guje wa ta rana ɗaya ce, ɗiyata ke ɗauke da ita kullum.