Baƙon da Ya Zo Daga Kashmir

Masu yawon wa'azi ne suka kawo shi Garoua. Zazzaɓi ya kwantar da shi, 'yan tafiyarsa suka wuce Maroua, suka bar mini shi a zaure. Dattijo ne mai jan gemu, daga duwatsun Kashmir. Ni mahauci ne, amma na yi karatun littattafai, don haka da Larabcinmu mai ɗingishi muke hira.

Da ya fara shan romo, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce kwarinsu tafki ne a da, kafin ruwan ya tsiyaye mutane su zauna. Ya nuna mini hotuna a wayarsa: ginshiƙan dutse na wani ɗakin bauta da kakanninsa suka gina wa rana, ƙanƙara a bayansu. Ya ba ni labarin wata sarauniya gurguwa da ta juya ƙasar har tsufanta, da yadda Musulunci ya hau duwatsun a bakin sufaye da fatake.

Akwai wani Kirista manomi daga tsaunukan Mora da ke kawo mini awaki. Ranar ya tarar da mu, ya zauna ina fassara masa. Ganin gonaki hawa-hawa a jikin dutse, sai ya dafa ƙirji.

"Kai! Irin namu ke nan. Tambaye shi, su ma da hannu suke jera duwatsun?"

Dattijon ya yi dariya har da tari.

Labari ya kai kunnen alhajin da ya sauke baƙin a unguwarmu. Ya shigo zauren ko sallamar kirki babu.

"Wa'azi aka turo shi ko tallan gumaka? A gaban wanda ba ya salla kuma?"

Na ce, "Alhaji, tarihin garinsu ne fa."

"Tarihin jahiliyya!"

Ya karɓi wayar daga hannun mara lafiya, ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya tattara igiyoyinsa ya fita, kansa a ƙasa.

Dattijon nan bai taɓa barin salla ta wuce shi ba, ko yana makyarkyata. Wa ya ba Alhaji ikon shafe masa kakanni? Shi da ke zama ya lissafo mana nasa har ƙasar Borno?

Na ce masa, "Wannan zaurena ne. Fita."

Ya fita, ya kuma hana gidansa sayen nama a wurina. Limamin unguwa ya so na je na ba shi haƙuri, na ƙi.

Da dattijon ya warware, na kai shi tasha a babur. Ya riƙe hannuna ya ce na gaishe masa da mai awaki. Shi kuwa har yau a bakin mahauta yake tsayawa da awakinsa, bai sake taka zaurena ba.