Garzali Mai Zuma da Jan Fenti

Garzali mai zuma bai yi boko ba, amma akwai rubutu ɗaya da ya iya karantawa, shi ne jan fenti a jikin itace. Ya koye shi a tsohon garinsu, shekarar da za a tare ruwan Tiga. Wasu masu gajeren wando suka zo suka shafa wa tsamiyar ƙofar gidansu ja, bayan sati biyu katafila ta kwantar da ita. Garin ma ruwa ya shanye shi, aka kwaso su zuwa wajen Tudun Wada.

'Yan'uwansa wasu suka kama kamun kifi, wasu noman rani. Shi kuwa ya ce kifi ƙarni gare shi. Ya bi rafi ya yi kudu, har ya samu wani kurmi a bakin dajin Falgore, mai tsofaffin itatuwa: maɗaci da maje da kanya da kawo, waɗanda mutum uku ba sa zagaye gindinsu da hannu. Nan ya rataya amyoyinsa goma sha bakwai. Kowace bishiya ya sa mata suna. Akwai Gwaggo, akwai Mai Fushi, akwai Amarya, wata bishiyar maje da ta girmi kakansa. Matarsa Safara'u takan ce ya fi gaishe su a kan surukansa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da rani a 1976 sai ga Landiroba. Wata Baturiya, da wani dogon likitan itace daga Ghana, da Ba'indiye mai tabarau, da Lawal malamin daji yana yi musu tafinta. Suka yi kwana tara suna zagaya gindin itatuwa da igiyar awo. Wadda suka auna sai su buga mata guntun kwano mai lamba, su ja mata jan layi.

Garzali bai tambayi kowa komai ba. Tambayar me, ai ya taɓa ganin irinta. Ranar kasuwa, da ya tabbata Lawal ya tafi cin tsire, ya ɗauki awartaki ya shiga kurmi. Ya zare lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kankare fentin, ya shafe wurin da laka. Bai zubar da su ba, don shi ba ɓarawo ba ne. Ya bi 'yan tsirarun kalgo da ƙananan kanya ya buga musu, ya ce in sara ne a sare waɗannan. Ya dawo gida yana waƙa, har Safara'u ta tambaye shi ko tsintuwa ya yi.

Shekara ta zagayo, baƙin suka dawo don su ga yadda itatuwan suka ƙaru. Lamba ta bakwai, wadda bara ta fi rumbu kauri, bana ba ta kai cinyar akuya ba. Maɗaci ya zama kalgo. Mutumin Ghana ya ce littafin Ba'indiye ne ya rikice, Ba'indiye ya ce shi bai taɓa kuskure ba tun yana firamare. Baturiya ta zauna a kan suri ta dafe kai. Garzali yana gefe yana sayar musu da zuma, fuskarsa kamar ta limami.

Lawal ne ya zo kusa da shi a sanyaye.

"Baba, aikin banza aka yi. Da wannan awon za su nuna wa hukuma kurmin nan tsoho ne, a haɗa shi da gandun daji. Yanzu ba hujja. Masu yankan katako sun daɗe suna neman takarda, ina jin bana za su samu."

"Wato jan nan ba na sara ba ne?"

"Na tsira ne, Baba."

 Garzali ya ajiye ƙwaryar zuma, ya dubi Gwaggo, ya dubi ƙasa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka kama shi da ƙosan kakarsa. Sannan ya ce, "Malam Lawal, gaya musu na san ɓarawon. Mutumin kirki ne, sai dai wauta."

Ba ya gane lamba ko ɗaya, amma ya san inda ya kai ta kowacce. Ta Mai Fushi tana jikin kalgon bakin suri. Ta Amarya tana wajen ramin zomo. Yana zarewa yana mayarwa, Ba'indiye yana duba littafi, kowacce ta faɗa daidai, ga kuma tsohon ramin ƙusa yana shaida. Mutumin Ghana ya yi dariya har da riƙe ciki. Baturiya ta tambayi shekarun Gwaggo, Garzali ya ce ba a tambayar mace wannan.

Bayan wata shida Lawal ya zo har gida da takarda. An haɗa kurmin da gandu. Amma yana faɗa yana sosa ƙeya.

"Sai dai fa, Baba, doka ta hana wuta da hayaƙi a ciki. Ta hana rataya amya."

Safara'u ta saki muciya. Zumar nan ita ce tuwonsu, ita ce suturarsu. Garzali ya dubi Lawal.

"Amma ba za a sare su ba?"

"Ba za a sare su ba."

"To, shi ke nan."

Da kansa ya je ya sauke amyoyin, ya ƙi yarda kowa ya hau masa itace. Daga baya ya koma noman albasa a bakin dam, yana yi yana tsaki har ya tsufa. Lawal ya ce ranar da Garzali ya sauko daga kan Gwaggo da amya ta ƙarshe, idonsa sharkaf da hawaye. Garzali ya ce wai hayaƙi ne. Ranar kuwa ba wanda ya hura wuta.