Binne a gonar Katuru

Yayana ya sayar da gonarmu ta Katuru ban sani ba, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa ya ce in kai shi gaban alƙali.

Da na je gonar, na tarar ana binne, shukar da ake yi kafin saukar ruwa. Sai marigayi kakanmu ya faɗo mini a rai. Ina yaro nakan tona ƙasa mai zafi in ga ko gero ya tsiro. Yakan riƙe hannuna yana dariya: "Bari, abokina, ƙasa ba ta cin amana."

Na sami Yaya a ƙofar gidansa, na ce, "Ba tsoronka nake ji ba. Tsohon nan ne har yau ke riƙe da hannuna. Allah ya jiƙansa. Ce amin, in bakinka zai iya."