Sallama Uku Ban Ji Ba

Ina zaune a zaure da hedifon mara waya a kunne, ashe Malam Buba ya yi sallama har sau uku ya juya.

Jikata Hadiza ce ta kawo min guda biyu, baƙi da fari, in zaɓa. Ta zama likita, za ta kai ni Umra, ta ce ƙarar jirgi da yawa. Murna kam ba a magana. Baƙin yana shanye kowace ƙara, farin kuwa yana barin muryar mutum ta ɗan shigo. Baƙin ne a kaina.

Hadiza ta hango bayan Malam Buba ta taɓa ni. Na bi shi har Ƙofar Dundaye. Abokina ne tun zamanin soja da kuɗin mai ya shigo, muna aikin injin niƙa da auduga a kunne, da yamma mu tafi ajin manya tare.

"Buba, wallahi ban jiya ba."

"Haba Garba! Cikin ƙarar inji kana jin sallamata, yau don jika ta zama likita ka kurumce?"

Na ɗora masa baƙin, na yi ta magana. Ya ga bakina na motsi, ya yi dariya har da hawaye.

Na dawo na ɗauki farin. Hadiza ta ce, "Kai tsoho, wanga ai bai kai wancan ba!" Na ce jirgi na yini ɗaya ne, maƙwabci na kullum.

Ku fa, muryar wa ba za ku yarda na'ura ta toshe muku ba?