Ranar da Na Ɗora Ƙafar Surukina a Kafaɗata

Na sha yawon duniya, sunayen garuruwa da yawa sun ɓace mini, amma ranar da na ɗora ƙafar surukina a kafaɗata tana nan daram a zuciyata.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na dawo daga Kwango, inda na yi wa sojojinmu tafinta a wani asibiti. Na tarar da mahaifin matata a ƙauyensu kusa da Maƙarfi, ciwon baya ya sa shi gaba. Mai dafa mazarƙwaila ne, tun yana saurayi yake sunkuye a kan tukunya. Wanzami ya yi masa ƙaho har ba sauran wurin tsagawa. Babban baƙin cikinsa shi ne ruku'u ya gagare shi, a zaune yake salla can ƙarshen sahu.

Na ga yadda ake fama da ciwon baya a wurare da dama. A Sudan ƙarfe suke gasawa su ɗosana, a Kumasi ganye suke dakawa da barkono su shafa. Amma wani likita a Kwango ya koya mini dabarar da ba wuta ba aska. Za ka ɗaga ƙafar mai ciwon har inda ta tsaya, ya tura ka da ɗan ƙarfi kaɗan, ka ƙirga goma, ya saki jiki da numfashi, sannan ka ƙara ɗagawa. Naman jikinsa ne ke kwance kansa. Na san hannuna ya iya.

Kunya ce ta tare hanya. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa kwanta ko tura. Shi ma ya aiko cewa gara ya ƙare a zaune da ya taka mijin 'yarsa.

Wani tsohon Bakano mai sarin mazarƙwaila, abokin wasansa, shi ya raba gardamar, ya ce zai zama bakina. Aka shimfiɗa tabarma a zaure da hantsi, Baba ya rufe fuska da mayafi, ina raɗa wa Bakanon yana faɗa. Ni da na iya harshe biyar, ga shi ana yi mini tafinta daga Hausa zuwa Hausa.

Na ɗora ƙafar Baba a kafaɗata, Bakanon ya ce, "Tura mana, Bazazzagi, ko yau ma ba a ba ka tuwo ba?"

Baba ya tura da zuciya, sai ga ni zaune a ƙasa. Na raɗa cewa kaɗan ake so, kamar mai tura ƙofar ɗakin da jariri ke barci.

"An ce kaɗan. Ku dai ba ku san tsaka-tsaki ba."

Dariya ta kubce wa Baba a ƙarƙashin mayafi, nan take na ji ƙafar ta yi laushi a kafaɗata.

Haka muka riƙa yi kullum, daga ƙafa zuwa kwankwaso. Bayan mako guda Bakanon ya ɗaure kayansa ya tafi. Washegari na zo na tsaya a ƙofar zaure. Baba ya kwanta da kansa, ya ce, "Shigo ka faɗa da bakinka. Ciwo bai san suruki ba."

Kafin azumi ya kama, ya miƙe cikin sahu ya yi ruku'u. Ciwon yakan motsa da damina, amma bai sake zaunar da shi ba.

Tun daga nan na gane kunya abu ne mai kyau, amma idan ta shiga tsakanin mutum da lafiyarsa, ba a karya ta da ƙarfi. A taɓa ta kaɗan, a yi haƙuri, da kanta za ta ba da hanya.